Yadda ake haska amarya da ango da filashar situdiyo a wajen biki

Duk mai hoton da ya taɓa ɗaukar dina a ɗakin taro a Kaduna ya san abin da ƙaramar filashar kan kyamara take haifarwa: goshin amarya yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, fuskar a shafe ba tudu ba kwari, inuwarta baƙi ƙirin a manne da bango, adon hol ɗin da aka narkar wa kuɗi kuma ya nutse cikin duhu. Dalilin shi ne hasken yana fitowa daga daidai inda lens yake kallo, kuma daga ɗan bakin da bai kai tafin hannu ba. Maganin abin shi ne a raba filasha da kyamara, a ɗora ta kan sanda can gefe, a sa mata abin da zai faɗaɗa haskenta, a riƙa tayar da ita da tiriga, wato 'yar na'urar da ake ɗorawa kan kyamara tana ba filasha umarnin tashi ba tare da waya ba.

Kayan da za ka tanada

Filashar biki ta zama mai batir. Irin ta situdiyo da ake jonawa a soket, kamar Godox SK400, tana da araha, amma wajen biki wahala ce: waya a ƙasa inda yara suke guje-guje, ga shi idan aka ɗauke wuta aka koma janareta, wutar da take hawa da sauka tana iya ƙona ta. In ita kaɗai gare ka, kada ka jona ta sai ta bayan sitabilaiza, kuma ka danne wayar da salatif.

A masu batir, waɗanda suka fi yawa a hannun masu hoto su ne AD200Pro, AD400Pro da AD600Pro na Godox. Lambar da ke jikin sunan ita ce yawan ƙarfin da take saki a walƙiya guda. A kula, 400 ninkin 200 ne, amma a lissafin kyamara mataki ɗaya ne tak, domin kowane mataki ninkin haske ne, kamar tashi daga f/5.6 zuwa f/8 a buɗewar lens, inda babbar lamba take nufin ƙaramar buɗewa. Daga 200 zuwa 600 kuwa mataki ɗaya da rabi ne da 'yan kai. Don haka wanda aikinsa ya fi yawa a cikin ɗaki da hol, AD200Pro guda biyu sun fi masa AD600Pro guda ɗaya amfani. Babbar ta rana ce, kuma ɗaukar ta daga Rigasa zuwa Barnawa a yini ɗaya sai kafaɗa ta gaya wa mutum. Batirin AD200Pro yana ba da walƙiya wajen 500 a cikakken ƙarfi, na AD600Pro wajen 360. Tunda ba kasafai ake aiki a cikakken ƙarfi ba, batir ɗaya yakan kai yini, amma a riƙe na biyu.

Tiriga, XPro ko X2T, sai ta dace da kyamararka. Harafin ƙarshen sunanta ne yake nunawa: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm. Sai sofbos, wato akwatin yadi da ake sa wa filasha don ya faɗaɗa haskenta ya tausasa shi, mai kusurwa takwas, faɗin santimita 90 zuwa 120, irin mai buɗewa kamar lema don kada ka tsaya haɗa ƙarafa amarya tana jira. AD200Pro ba ta shiga sofbos kai tsaye, sai da maƙalin S2 mai bakin Bowens. Ka ƙara farar lema ɗaya don hoton taro, sanda mai ƙafa uku da take kai mita 2.8 ko 3, jel ruwan lemo da ake kira CTO, wato 'yar leda mai launi da ake mannawa a bakin filasha, da buhun yashi mai kilo 5 zuwa 7 ga kowace sanda. Buhun nan tela zai ɗinka maka da yadin jins. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran duka, shi ne mataimaki da zai riƙe sanda, ya san hagu da damarka.

Haske biyu ne a hoto ɗaya

Wannan shi ne gindin aikin, wanda ya gane shi sauran lissafi ne kawai. Duk hoton da aka ɗauka da filasha yana ɗauke da haske iri biyu: na wurin, wato rana ko fitilun hol, da na filasha. Walƙiyar filasha gajeriya ce ƙwarai, ta zo ta wuce kafin shota, wato labulen da yake buɗewa ya rufe don haske ya shiga kyamara, ta rufe, saboda haka saurin shota ba ya taɓa ta. Ko ka sa 1/60 ko 1/200 na daƙiƙa, hasken filasha a fuskar amarya ɗaya ne, abin da yake canjawa shi ne hasken bayanta. Buɗewar lens da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kuwa suna taɓa duka biyun. Ƙarfin filasha da nisanta daga mutum su ne suke taɓa hasken filasha kaɗai.

Tsarin aikin ke nan a kowane wuri. Kashe tiriga tukuna. Sa kyamara a M, tsarin da kai ne kake saita komai da hannu, ka daidaita shota, buɗewa da ISO har sai bayan ya fito yadda kake so, galibi ya ɗan yi duhu da mataki ɗaya, mutumin da ke gaba kuma ya zama dishi-dishi. Sannan ka kunna tiriga, ka riƙa ƙara ƙarfin filasha har fuska ta cika. In baya ya yi duhu da yawa, rage saurin shota. In fuska ta yi haske da yawa, rage filasha ko ka ja ta baya. Masu taɓa komai a lokaci guda su ne ake gani suna ta danne-danne ango yana duba agogo.

Shota tana da iyakar da take tafiya tare da filasha. A Canon 5D Mark IV da Nikon D750 iyakar 1/200 ce, a Canon 6D 1/180, a Sony A7 III da Nikon D850 1/250. Ka wuce nan, baƙin zane zai tare gefen hoton, domin labulen shota na biyu ya fara rufewa kafin filasha ta tashi. Akwai tsarin HSS da yake ba da damar zuwa har 1/8000, inda filasha take sakin walƙiya a jere da sauri maimakon guda ɗaya, sai dai yana cin ƙarfi sosai, yana shan batir, yana kuma ɗumama kan filasha.

Maganar TTL, wato barin kyamara ta zaɓi ƙarfi da kanta, bikinmu yana rikita shi. Ango ya shigo cikin farar shadda mai sheƙi, kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage wuta, fuskarsa ta yi duhu. Amarya ta biyo cikin leshi mai duhu, kyamara ta ƙara wuta, goshi ya ƙone. Aiki da M ya fi kwanciyar hankali. In kana gaggawa, ɗauki hoto ɗaya da TTL, ka danna maɓallin TCM da ke kan XPro, zai mayar maka da wannan ƙarfin zuwa M, sai ka gyara daga nan.

Ɗakin amarya

A nan ake samun hotunan da za a fi yaɗawa, a nan kuma wuri ya fi ƙunci: gado, akwatuna, mai kwalliya da kayanta, ƙawaye takwas kowacce da waya a hannu. A gidaje da yawa namiji ba ya shiga sai an yi masa iso, wasu ma mace kaɗai suke bari, don haka a tambaya tun ranar da aka yi ciniki. In an shiga, a nemi izinin babbar da ke ɗakin: "Hajiya, ko za a ɗan ba mu wannan kusurwar na minti goma?"

Kashe ƙwan silin, domin launinsa daban ne da na filasha, kuma yana zuba inuwa a ƙarƙashin ido. Tsayar da amarya aƙalla mita ɗaya daga bango. Sofbos ya kasance gefenka, kusan rabin hanya tsakanin gabanta da kafaɗarta, nisan mita 1 zuwa 1.5, tsakiyarsa sama da idonta kaɗan, yana kallon ƙasa. Da AD200Pro a sofbos mai santimita 90, fara da ISO 200, f/4, shota 1/160, filasha kuma a 1/16 ko 1/32 na cikakken ƙarfinta, ka gyara bayan gwaji ɗaya. Daidaiton launi na kyamara ka kafe shi a 5600K (K ma'aunin launin haske ne), kusan launin filashar ke nan.

Tsayin fitila yana da dokarsa a bikin Hausa saboda abin da ke kai. Gwaggwaro, ɗaurin ɗankwali mai tudu, ko mayafin da aka jawo gaba, duk suna yin rumfa a kan ido. In ka ɗaga fitila yadda ake yi wa mai buɗaɗɗen kai, idanu za su faɗa cikin inuwa. Sauke ta har sai ka ga ɗigon haske a saman ƙwayar idon, duka biyun. In babu ɗigon nan, fitilar ta yi sama da yawa.

Fata mai duhu sheƙi ne yake fito da siffarta, amma sheƙin ya zama mai faɗi da laushi. Ƙaramin haske daga nesa yana barin farin tabo a goshi da kan hanci, babban sofbos daga kusa kuma yana shimfiɗa sheƙin a kumatu. Shi ya sa matso da fitila da rage mata ƙarfi ya fi ja da ita baya da ƙara ƙarfi. In har yanzu goshi yana ƙyalli, karkata sofbos ɗin ya kalli gaban fuskar kaɗan, gefen hasken ya riƙa shafar ta. Wannan dabarar tana kuma kwantar da duwatsun leshi da sarƙar gwal masu tartsatsi. Akwai kuma farar hoda da wasu masu kwalliya suke dannawa ƙarƙashin ido, a ido ba a ganin ta, amma filasha tana tona ta ta fito fari fat kamar toka. Yi gwaji tun mai kwalliya ba ta tattara kayanta ba, ka nuna mata allon kyamara, za ta share da buroshi cikin daƙiƙa kaɗan.

Hoton lalle a hannu yana son haske daga gefe sosai, kusan a kwance, da f/5.6 don yatsu da zobe su fito tare. Turaren wuta kuma, wanda ba a rasa shi a ɗakin amarya, abu biyu yake yi. In filasha tana gaba, hayaƙin yana wanke hoton ya yi fari-fari. In ka ajiye filasha ta biyu bayan amarya, ƙasa-ƙasa, a 1/64, ba tare da bakinta ya kalli lens ba, hayaƙin zai murɗe yana haske a bayan mayafi. A gwada wannan ko sau ɗaya ne, minti biyu ya isa.

Rana tsaka bayan ɗaurin aure

A cikin masallaci ba a kafa sanda, ba a walƙa wa malamai da waliyyai fitila ana tsakiyar siga. Ɗaga ISO ka ɗauka da hasken wurin, in an yarda da ɗaukar ma. Aikin filasha yana farawa ne a waje, lokacin da aka fito ana gaisawa, kuma yawanci lokacin rana tana tsakiyar kai, ko hantsi ya dubi ludayi ranar Asabar ko bayan Juma'a. Ranar tana zuba inuwar hula a goshi, ta mayar da idanu ramuka.

Juya ango ya ba rana baya ko gefe, ka cika fuskarsa da filasha. A tsakar rana lissafin yana kaiwa ISO 100, 1/200, f/11. A wannan buɗewar AD200Pro cikin sofbos sai ta yi cikakken ƙarfi kuma ta matso wajen mita ɗaya da rabi, ga shi tana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu kafin ta sake cika. A nan AD600Pro take biyan kuɗinta. In ƙaramar ce a hannunka, cire mayafin sofbos na ciki, ko ka cire sofbos ɗin gaba ɗaya, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ka ja mutanen zuwa inuwar darbejiya ko ta gini, inda 1/4 zai wadatar. Mai son bayan ya narke yana da hanya biyu: HSS, ko gilashin ND mai rage haske a bakin lens. ND8 yana rage mataki uku, ya sauko da kai daga f/11 zuwa f/4 ba tare da ka wuce 1/200 ba.

Farar babbar riga ita ce jarrabawa. Kunna alamar gargaɗin nan mai ƙiftawa a allon kyamara inda haske ya ƙone, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, ka ɗaga fitila ta nufi fuska, rigar ta samu ragowar hasken. In aikin zaren da ke ƙirjin rigar ya ɓace ya zama fari sol, babu kwamfutar da za ta dawo da shi, kuma ango ya san nawa ya biya mai ɗinki.

Iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da guguwar da take riga hadari a farkon damina, duk suna iya ɗauke sofbos. Buhun yashi a ƙafa, ƙafa ɗaya ta sandar ta kalli inda nauyin ya rinjaya, hannun mataimaki kuma kada ya bar ta. Lema a waje ranar iska, a haƙura da ita. Hazon hunturu kansa yana da ɗan amfani, yana tausasa rana, amma ƙurar tana shiga ko'ina, kada a canja lens a fili. Lokaci mafi daɗi na hoton amarya da ango su biyu shi ne rabin awar da ke gaban magariba, wadda a Kaduna take faɗuwa daga misalin ƙarfe shida a Nuwamba zuwa bakwai saura a tsakiyar damina. A lokacin 1/8 ma yana isa, sama kuma ta yi launi.

Hoton dangi

Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ido yake zato: ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu ne yake isa. In fitila tana mita 2 daga layin gaba, layin baya kuma yana mita 4, na gaba za su ƙone, na baya su samu rubu'in hasken. Ja ta zuwa mita 6, na baya su zama a mita 8, yanzu suna samun fiye da rabi. Don haka a hoton taro fitila tana komawa baya, kusa da inda kake tsaye, a ɗaga ta mita 2.5 zuwa 3 don inuwar kowa ta faɗa bayansa, kada ta hau fuskar na kusa da shi. Farar lema, f/5.6 ga layi biyu, f/8 ga layi uku, ISO 400 zuwa 800, ƙarfi daga 1/4 zuwa 1/2 gwargwadon filashar. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan: "Baba, a ɗan sauke haɓa, ranka ya daɗe." Ɗauki uku a jere, amma ka jira ƙarar cikar filasha tsakaninsu. Cikin 'yan anko ashirin ba a rasa mai ƙifta ido.

Dina

Shiga hol awa ɗaya kafin baƙi. Kafa filasha biyu a kusurwoyi biyu masu kallon juna na filin rawa, a ɗage su mita 3, nesa da hanyar masu raba abinci, kusa da lasifika ko ginshiƙi inda ba mai bi. Sa ɗaya a rukunin A, ɗaya a B, don ka iya kashe wadda ta shigo cikin hotonka daga kan tiriga. Fara da 1/32 ko 1/64, ISO 800 zuwa 1600, f/2.8 ko f/4, 1/100. Duk inda ka tsaya, ɗaya tana haska gaba, ɗaya tana zana gefen kafaɗa da gwaggwaro daga baya. In silin fari ne kuma bai yi nisa ba, harba hasken sama ya dawo a baje. In an lulluɓe shi da yadi mai launi, kada ka yi, launin zai sauko kan fuskoki.

Dalilin 1/100 shi ne wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun LED na ado kuma suna ƙiftawa tare da ita. A 1/160 ko 1/200 sai ka ga zane-zane a bango, ko launi yana canjawa daga hoto zuwa hoto. 1/100 ko 1/50 yana daidaita wannan.

In fitilun hol ruwan ɗorawa ne masu ɗumi, kusan 3200K, filasha za ta sa mutum ya yi shuɗi-shuɗi a gaban jan baya. Manna cikakken CTO a bakin filasha ka sauke kyamara zuwa 3200K, ko rabin CTO da wajen 3800K in kana son bayan ya riƙe ɗan ɗuminsa. Fitilun DJ masu shuɗi da shanshanbale ba su da jel ɗin da zai daidaita su. Bar su a baya su zama ado, ka tabbata filasha ta rinjaye su a fuska da mataki ɗaya ko biyu.

Lokacin liƙi mutane suna rufe amarya da ango ruf, fitilar da ke kusurwa sai ta riƙa haska bayan kawuna. A nan mataimaki zai cire AD200Pro daga sanda mai ƙafa, ya ɗora ta a sandar hannu da ƙaramin sofbos mai santimita 60, ya ɗaga ta sama da kawunan, yana tafiya a gefenka, mita ɗaya da rabi daga amarya. Ya riƙe wannan nisan, domin in ya matsa ko ya ja, lissafinka ya rushe. Don rawa ta nuna motsi, sauke shota zuwa 1/20, ka sa filasha ta tashi a labule na biyu, fuska za ta tsaya cak, fitilun baya su ja zare. A yi shi kaɗan, iyaye ba su cika son irin wannan a albam ba.

Ka kuma yi magana da mai bidiyo tun farko. Fitilarsa mai ci kullum tana shiga hotonka, walƙiyarka kuma tana yanka masa hoto. Ku raba kusurwa, ku yarda a kan lokacin da za ka sassauta, kamar sa'ar yanka kek ko nasihar iyaye.

In filasha ta ƙi tashi

Duba tasha da rukuni tukuna, su zama ɗaya a tiriga da filasha. Matsalar da ta fi yawa a bikin da dangin ango suka ɗauko mai hotonsu, na amarya ma suka ɗauko nasu, ita ce kowa yana kan tasha ta 1 da aka sayo kayan da ita, sai filasharka ta riƙa tashi da hannun wani, batir yana ƙarewa, in ka danna kuma ba ta cika ba. Tashoshi 32 ne, zaɓi wata can tsakiya, ka ƙara lambar ID daga 01 zuwa 99 a duka kayanka.

A kyamarori marasa madubi da yawa, shota marar ƙara tana hana filasha tashi, mayar da ita ta inji. In allon ya yi baƙi ba ka ganin mutane a hol, kashe tsarin da yake nuna hasken hoto kafin a ɗauka. In filasha tana dab da kyamara tana tsallake wasu hotuna, sauya zangon tiriga daga 1-100m zuwa 0-30m. In ta yi jinkirin cika bayan ka jera mata wuta a cikakken ƙarfi, zafi ne ya sa ta kare kanta, rage zuwa 1/4 ka ɗaga ISO mataki biyu, ka bar ta ta huce. Ƙurar hunturu tana kwanciya a ƙarafan da tiriga take zama a kan kyamara, goge su da busasshen ƙyalle, ka sake ɗaure ta da kyau. Batiran tiriga AA ne guda biyu, su ne kuma aka fi mantawa da su, a riƙe sababbi huɗu a aljihu. Batiran filasha kuma kada a bar su cikin mota a rufe a ranar Maris da Afrilu, a shiga da su inuwa ko da jakar za ta yi nauyi.